Allon da Babu Aya a Kansa

Malam Iliyasu yana tsakiyar layi na tara, alƙalamin karan ya ɗebo tawada ke nan, sai ya ji sallama daga ƙofar zaure. Bai amsa nan take ba. Ya ƙarasa kalmar tukuna, ya ɗora mata wasullanta, sannan ya kifa allon a kan buzu ya ce, "Wa alaikumus salam. Bismillah, shigo."

Hashimu ne, ladanin masallacinsu. Ya durƙusa daga bakin tabarma.

"Malam, Baba Sama'ilu ya cika. Yanzun nan, bayan mun fito daga asuba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Ƙarfe nawa aka sa?"

"'Ya'yansa na Kaduna sun roƙa a jira su. Sai bayan la'asar."

Malam ya maimaita, "Bayan la'asar," ya dubi wayarsa. Hashimu ya saci kallon allon da ke kife, ya kawar da ido.

"Ko akwai wani uzuri ne, Malam?"

"Haƙƙin mamaci yana gaba. Je ka, ina tafe."

Akwai uzuri, kuma wata shida ke nan yana shirya masa. Da ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wannan Asabar za a kira shi ta waya daga ƙasar Rasha, zai ga fuskar jikarsa Tahira, kuma idan abin bai yi kyau ba, wannan ne kira na ƙarshe.

Shekara ashirin da shida Malam Iliyasu yana limancin Unguwar Gawo, wani ƙauye da ke cikin gonakin da ruwan madatsar Watari ke shayarwa. Shi ke jan salloli biyar, shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke zama tsakanin manoma biyu idan rikicin iyaka ya tashi. Da hantsi dattawa suna ɗaukar karatun fiƙihu a zaurensa, kuma yana da fegin tumatir da albasa wanda ba ya jiran kowa. Ɗansa na fari, Abdulkabir, shi ne ya samu gurbin karatun likita a Rasha. Ya gama, ya samu aiki, ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Marina, suka haifi 'ya mace ya sa mata sunan kakarsa ta wajen uwa. Shekara uku da suka wuce mota ta zame da shi a kan ƙanƙara. Musulmin garin suka yi masa sutura, aka aiko wa mahaifinsa hoton kabari fari fat. Allah Ya yi masa rahama.

Bayan rasuwar, Marina ta riƙe alkawarin kira sau ɗaya a wata. Sai dai kiran ba ya wuce abu ɗaya: Malam ya ce, "Tahira, Tahira, kina lafiya?" yarinyar ta zuba masa ido, sannan ta dubi uwarta. Wata shida da suka wuce saƙo ya shigo da rubutun da Malam bai iya karantawa ba. Ya hau mota har Rijiyar Zaki wurin Dakta Kamaruddeen, abokin karatun marigayin, wanda ya dawo gida yana aiki a wani asibiti.

"Baba," in ji Kamaruddeen, yana kauce wa idonsa, "ta ce yarinyar kuka take yi duk ranar da za a kira. Wai ba ta san me tsohon yake so da ita ba. Uwar tana ganin a dakata sai ta girma."

Malam yana da shekara sittin da huɗu, ya san ma'anar "sai ta girma" ga mai shekarunsa. Ya ce, "Rubuta mata. Ka ce ta ba ni zuwa ranar da yarinyar za ta cika bakwai, ta kira ni sau ɗaya. In ta yi kuka, ba zan sake takura musu ba."

A ranar Kamaruddeen ya sa masa darussan Rashanci a waya, masu hotuna da ƙararrawa. Malam ya yi mako biyu yana latsawa, ya tsinci gaisuwa da godiya da 'yan tambayoyin farko, sannan ya ga abin ya fi kama da wasan yara, ya koma ga hanyar da ya sani. Ya tsara jimla goma sha biyu, duk abin da yake so jikarsa ta ji. Kamaruddeen ya juya su zuwa Rashanci, ya naɗa su da muryarsa a hankali. Malam ya je kasuwar Rimin Gado ya sayi sabon allo da sabon kurtu, domin ba zai ɗora maganar mutane a kan allon da ya taɓa ɗaukar maganar Allah ba. Kullum idan ya idar da lazimin safe, kafin dattawa su iso, sai ya kara wayar a kunne, ya rubuta abin da ya ji da ajami, ya biya, ya haddace, ya wanke. Minti ashirin ne kacal, amma bai taɓa tsallake su ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, a kwance ya yi. Ranar babbar salla, ya yi kafin ya naɗa rawani. Yau kwana ɗari da tamanin da uku.

Ba shi da abokin yi. Kamaruddeen ya taɓa ce masa, "Baba, harshe sai da hira," amma da wa zai yi hirar a Unguwar Gawo? Shi kansa Daktan sai ya yi mako biyu bai saurari saƙo ba. Mutanen gari kuwa labari ya kai musu cewa liman yana karatun wani yare a ɓoye. Wani ma ya taɓa tambayarsa a bainar jama'a ko hakan ya halatta. Malam ya ce Wanda Ya halicci harsuna bai haramta ko ɗaya daga cikinsu ba. Aka gyaɗa kai, aka tashi. Babu wanda ya tambaye shi dalili, shi kuma bai faɗa ba.

Ya ƙarasa rubuta layuka ukun da suka rage, ya biya goma sha biyun sau ɗaya. A layi na goma sha ɗaya muryarsa ta yi ƙasa kamar kullum, domin abin da layin ke cewa shi ne, "Kakarki tana gaishe ki," kuma matarsa Kaltume ba ta taɓa ba shi wannan saƙon ba. Ya daɗe yana auna ko wannan ƙarya ce.

Kaltume ta shigo da koko da ƙosai ta ajiye. Tun ranar da hoton kabarin ya iso, matarsa ba ta taɓa duban wayar ba. Dama ba ta kiran sunan Abdulkabir, saboda kunyar ɗan fari, ba ta kuma kiran sunan Tahira, saboda sunan mahaifiyarta ne. Don haka da ta yi shiru gaba ɗaya, mutane suka ɗauka kunya ce, shi kaɗai ya san akwai wani abu ƙarƙashinta. Abu ɗaya ya lura da shi. Kullum idan ya wanke allon a 'yar ƙwarya ya ajiye a bakin ƙofa, da niyyar zubawa a gindin lemon da marigayin ya shuka, sai ya dawo ya tarar da ƙwaryar a kife, an ɗauraye ta. Ya fahimci ba ta son ganin ruwan a gidanta, bai kuwa ce komai ba.

"Yau ce ranar," ya ce mata.

"Kokon zai huce," in ji ta, ta fita.

Safiyar ta tafi a gidan rasuwa. Ya tsaya aka yi wanka, ya auna likkafani, ya aika matasa maƙabarta. Da aka yi azahar ya hau kekensa ya nufi gona, domin yau ne layin ruwansu, kuma wanda ya bari layinsa ya wuce sai bayan kwana biyar. Zafin bazara ya sauka sosai, ganyen albasa duk ya sunkuya.

A bakin magudana ya tarar da Buwai, maƙwabcinsa na gona, ya riga ya buɗe masa ruwan. Buwai Kirista ne daga gidajen da ke hayin rafi, kuma tare suka yi kiwon awaki suna yara. Duk faɗin ƙauyen nan, in ka cire Kaltume, shi kaɗai ya san dalilin allon, shi kaɗai ke sauraron haddar, ko da yake bai san ko kalma ɗaya ba.

"Liman, ka makara. Na ce ko Rashawan sun aiko jirgi sun ɗauke ka."

"Sama'ilu ne ya riga mu."

"Na ji. Allah Ya ba ku haƙuri. Mutumin kirki, bai taɓa tare mini ruwa ba." Buwai ya jingina da shebur. "To, biya mini na ƙarshe. Ka fara da wannan mai kama da tarin akuya."

Malam ya tsaya a kan kunya, ƙafafunsa cikin laka, ya biya daga farko har ƙarshe ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Buwai ya tafa hannu sau ɗaya.

"Wallahi kamar a can aka yanke maka cibiya. Amma Liman, ina da tambaya. Ka gama naka. In ita ta fara nata fa?"

"Yarinya ce. Za ta ce i, ko ta ce ta gode. Duka biyun na san su."

"Yarinya? Jikata Rachael ita ma bakwai gare ta. In ta buɗe baki, kashe rediyo muke yi don kada a ɓata batir."

Malam ya yi murmushi. Ya duƙa ya karkata ruwan zuwa fegi na gaba.

Aka yi la'asar ƙarfe huɗu. Motar 'yan Kaduna ba ta iso ba sai da minti goma suka wuce. Malam ya tsaya a gaban makara, ya yi kabbarori huɗu da natsuwa, bai gaggauta ko ɗaya ba, domin yana tsoron Allah Ya ga ya tauye mamaci saboda buƙatar kansa. Da ya sallame, aka ɗaga makarar, jama'a suka nufi gabas. Shi kuwa ya riƙo hannun Hashimu.

"Ka ce wa na'ibi ya tsaya a kan binnewa, ya yi addu'a. Ni zan tafi."

Babban ɗan mamacin ya ji, ya juyo idanunsa jajur. "Malam, shekara ashirin da shida Baba yana sahun farko a bayanka. Ba za ka raka shi ba?"

"Gobe da sassafe zan je kabarinsa, in Allah Ya so. Ku yafe mini."

Bai jira amsa ba. Ya ji shirun da ya biyo bayansa, ya san kuma yadda shirun zai zama magana kafin magariba. Ya hau keke ya nufi yamma shi kaɗai, kowa yana tafiya gabas.

Wuri ɗaya ne waya ke ɗaukar hoto ba ya yankewa: kan tudun da ke bakin babbar magudana, kusa da gonarsu. Ya isa yana haki, saura minti biyu. Ya goge gumi da bakin rawani, ya gyara zaman riga. Buwai ya ɗaga masa hannu daga nesa, ya ɗauki shebur ya koma can ƙarshen gonarsa, ya bar jakinsa a turke ƙarƙashin tudun tare da kwandunan tumatir.

Wayar ta yi ƙara. Fuskar Marina ta fito, ta rame fiye da yadda ya san ta.

"Salam, Baba," in ji ta, yadda mijinta ya koya mata. Sannan ta juya wayar.

Tahira tana zaune a bakin kujera cikin jar rigar sanyi, hannayenta a ƙarƙashin cinyoyinta, leɓunanta a matse. Goshin Abdulkabir ne sak. Malam ya yi basmala a zuciyarsa, ya fara.

Ya ce mata barka. Ya ce shi kakanta ne, sunansa Iliyasu. Ya ce mahaifinta ɗansa ne, a wannan ƙasa aka haife shi. Bai san yana rangaji ba, gaba da baya, yadda jikinsa ya saba idan yana tilawa, muryarsa ma ta ɗauki wannan karin. Idanun yarinyar suka buɗe. Ta zaro hannu ɗaya. Da ya zo layi na bakwai, inda ya ce mahaifinta yana yaro yana gudun agwagwa har ya faɗa rijiyar lambu, sai ta ƙyalƙyale da dariya, ya ga ba ta da haƙoran gaba. Ya taya ta murnar cika shekara bakwai. Ya ce tana da gida a nan. Ya ce kakarta tana gaishe ta. Ya ce kullum yana yi mata addu'a. Ya rufe baki, zuciyarsa tana cewa alhamdu lillahi.

Sai yarinyar ta diro daga kujera, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta fara magana.

Magana ce kamar an buɗe magudana. Tana yi tana nuni da hannu, tana juyawa ga uwarta, tana dawowa. Malam ya kasa kunne iyakar ƙarfinsa, bai tsinci ko kalma ɗaya da ya taɓa rubutawa a allo ba. Ta tsaya, muryarta ta ɗaga a ƙarshe, ya gane tambaya ce. Ya ce mata i. Ta yamutsa fuska, ta sake tambayar. Ya ce ya gode. Ta maimaita a karo na uku, a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa kurma. Ya buɗe baki, babu abin da ya rage a cikinsa. Jimla goma sha biyu gare shi, ya kuwa kashe su duka.

A cikin wannan shirun ya gane kuskurensa sarai. Shekara arba'in yana faɗa wa masu karatu cewa hadda ba fahimta ba ce, ga shi ya haddace sallama bai tanadi abin da ake yi bayan an ce shigo ba. Ya ga murnar tana janyewa daga fuskar yarinyar. Ta koma baya, leɓenta na ƙasa ya fara rawa. Hannun Marina ya sauka a kafaɗarta, ɗaya hannun ya nufo wayar.

Sai ya lura idanun Tahira sun bar fuskarsa, suna kallon wani abu ta bayan kafaɗarsa. Ya san wannan kallon. Dubban yara sun yi masa shi a tsakiyar karatu, kuma abin da ya saba yi shi ne tsawa. Yau sai ya waiwaya ya bi idon. Jakin Buwai ne ya ɗago kai daga ciyawa yana kaɗa kunne.

Ya juya wayar ga jakin. Daga can cikin darussan da ya raina ya watsar, wata 'yar tambaya ta taso masa, ta farkon farko, wadda ake nuna hoto a ce mene ne wannan.

"Shto eta?" ya ce.

"Oslik!" Yarinyar ta yi tsalle. "Oslik!"

"Usuliki," in ji Malam.

Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ɗaga yatsa. Ta raba kalmar biyu, ta faɗa da ƙarfi. Ya maimaita. Ta sake girgiza kai. Ya sake. A karo na biyar ta gyaɗa kai da irin nauyin da shi kansa yake gyaɗawa idan dattijo ya gyara harafi. Hannun Marina ya janye daga wayar.

Ya sauko daga tudun da sauri har ya kusa zamewa, ya ɗauki tumatir ɗaya daga kwandon Buwai, ya koma saman tudun ya ɗaga. Ta ce pamidor, ya biya har ta yarda. Ya nuna ruwan da ke gudu a magudana, ta ce vada, wannan bai ba shi wahala ba. Ita ma ta kama hannun uwarta ta ja wayar zuwa taga, ta nuna masa farin abin da ya lulluɓe motoci, ta faɗi sunansa. Malam ya dubi farin, ya san a ƙarƙashin irinsa ɗansa yake kwance, ya biya kalmar kamar sauran.

Sannan ta sa ya mayar da wayar kan jakin. Ta nuna dabbar, ta nuno shi da yatsa, ta ɗaga gira. Ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane abin da take nufi.

"Jaki," ya ce.

"Jaki," in ji Tahira, tsaf, ba gyara.

Shekara uku yana roƙon Allah Ya sa kalmar farko da zai koya wa 'yar Abdulkabir ta zama basmala. Ya karɓi wadda aka ba shi, ya yi godiya.

Marina ta dawo da wayar ga fuskarta. Idanunta sun yi ja. Ta faɗi wani abu gajere, ta ɗaga yatsu goma, hoton ya ɗauke. Bayan ɗan lokaci saƙo ya shigo, ya latsa inda Kamaruddeen ya nuna masa, wayar ta juya shi zuwa wata Hausa mai ɗingishi: Asabar mai zuwa. Minti goma. Ta ce ka zo tare da jaki.

Ya tsaya a kan tudun wayar tana hannunsa, gilashin ya yi baƙi, fuskarsa kaɗai yake gani a ciki. Buwai yana can nesa ya ba shi baya, yana aiki. Babu motsin komai sai ruwa. Ya so a ce akwai wanda zai juya ya ce wa, "Ka ji ta?" Ya mayar da tumatirin cikin kwando, ya hau keke.

A hanya ya gamu da masu dawowa daga maƙabarta. Ya yi sallama, aka amsa a gajarce. Babban ɗan Sama'ilu ya dubi gefen hanya.

Da ya isa gida rana ta yi ja, saura kaɗan magariba. Kaltume tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ya shiga zaure ya ɗauki allon, ya dubi layuka goma sha biyun da ya rayu da su wata shida, ya wanke su a 'yar ƙwarya. Ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya jingina allon ya sha iska, ya ɗauki buta ya zagaya. Ya yi nisa kaɗan sai ya tuna ya bar wayar a kan buzu inda akuya ke shiga, ya juyo.

Kaltume ce tsugune a bakin ƙofar zauren, ta fuskanci gabas, ƙwaryar a hannayenta biyu. Ya ji ta yi basmala. Ta kurɓa sau uku, tana numfasawa a tsakani, yadda ake shan rubutu. Sauran ta zuba a tafin hannu ta shafe fuska da ƙirji. Sannan ta ɗauraye ƙwaryar ta kife, ta ɗago, suka haɗa ido.



"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ranar farko." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Kai kana da alƙalami, Malam. Ni ban iya ba. Na ce ko ta nan yaren zai shiga."

Ya san hukuncin abin, domin bayyana irinsa ne aikinsa. Ya sassauta murya iyakar iyawarsa.

"Kaltume, babu aya a kan allon nan. Ko ɗaya. Tawada ce kawai da maganar mutane."

"Na sani," in ji ta. "Ai ba don lahira nake sha ba."

Ya ajiye butar a ƙasa. Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Har yanzu dai ban ji ya shiga ba," ta ce. Sannan, da wata murya da rabon ya ji ta shekara uku: "Innata... ta yi kukan?"

"Dariya ta yi. Ba ta da haƙoran gaba. Na ce mata kina gaishe ta."

"Wa ya aike ka?"

"Babu. Na daɗe ina tsoron ƙarya na haddace."

Ta koma bakin murhu ta tura itace, ta daɗe tana hura wutar da ba ta mutu ba.

"Asabar mai zuwa za a sake kira," ya ce wa bayanta. "An ce sai na je da jakin Buwai. Zan roƙe shi ya biyo da shi ta ƙofar gida. Tudun yana da nisa ga mai ciwon gwiwa irinki, sai dai a kan jaki."

Muryar Hashimu ta tashi daga masallaci. Malam ya yi alwala, ya san irin fuskokin da zai tarar a sahu, ya san kuma gobe da sassafe akwai kabarin da zai je shi kaɗai. Kafin ya fita ya taɓa allon, ya ji ya bushe. Ya tsoma alƙalami ya rubuta kalmomi huɗun da Tahira ta koya masa a samansa, manya-manya, don kada su gudu kafin safiya. Sannan ya ɗauki 'yar ƙwaryar daga bakin zaure, ya shiga da ita cikin gida, ya ajiye a ƙofar ɗakinta.